Tsofaffin wuraren nishaɗi na Blackpool: me ya ci wasu, me ya bar wasu?

Malam Garba: Assalamu alaikum jama'a. Da yawa a wannan zaure sun taɓa zama a Blackpool, garin nan na bakin teku a arewa maso yammacin Ingila, kafin aiki ko iyali su mai da su wasu garuruwan. Ina so mu tattara abin da muka sani game da tsofaffin wuraren nishaɗin garin, amma ba jerin sunaye kawai ba: yadda aka gina su, yadda suke aiki, da abin da ya kashe su. An rushe babban ginin nishaɗi na Palace a 1961. An rushe babban wurin ninƙaya na South Shore a 1983, wurin ninƙaya na Derby Baths kuma a 1990, zauren rawa na Mecca a 2009. Ga shi kuwa hasumiyar garin, da ginin nishaɗi na Winter Gardens, da gadojin shaƙatawa guda uku da suka miƙe cikin teku suna nan tsaye. A ganina jiragen sama masu araha zuwa Sifaniya ne suka janye mutane tun daga shekarun 1960, sauran duk rassa ne. Wanda ke da wata fahimta, bisimilla.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam, Malam. Sifaniya tana ciki, amma ba ita ce ta fara ba. Gishiri ne ya fara, kuma tun ranar da aka buɗe kowane gini. Ɗauki hasumiyar kanta. An buɗe ta ranar 14 ga Mayu, 1894, tsayinta ƙafa 518, wato kimanin mita 158. Ba a yi mata fenti yadda ya kamata ba a shekarunta na farko, tsatsa ta ci ta har aka fara maganar a sauke ta. Sai a farkon shekarun 1920 aka bi ƙarafanta ɗaya bayan ɗaya aka sauya. Wannan fa a lokacin da garin ke cike maƙil da baƙi, kuɗi na shigowa. Abin da nake nufi shi ne, a bakin teku kuɗin gyara ba ya tsayawa ko da ciniki ya tsaya. Iskar da ke busowa daga teku tana ɗauke da ƙurar gishiri, tana shiga duk wata tsaga ta fenti, ta zauna a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe inda buroshi ba ya kaiwa. Gini na iya jure shekara biyu ko uku na rashin riba. Shekara goma na rashin fenti kuwa, sai dai a kira masu rushewa.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka ƙara bayani kan gadojin. Mutane da yawa suna ɗauka an kafa su ne a kan kankare kamar gadar kogi.

Injiniya Bala: A'a, Hajiya. North Pier, wadda Eugenius Birch ya zana aka buɗe a 1863, a kan turakun ƙarfen zubi take. Kowane turke yana da faffaɗan haƙori a ƙasansa irin na sukuru. Ba buga shi ake yi ba, murɗa shi ake yi: a ɗaura dogayen sanduna a samansa, ma'aikata su riƙa zagayawa suna turawa, yana nutsewa cikin yashi har ya kama ƙasa mai tauri. A kan turakun ake ɗora ginshiƙai masu faɗin inci 12, an cika cikinsu da kankare. Sai sandunan ƙarfe da ake gittawa tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, sai dogayen ƙarafan da ke ɗauke da daɓe, sai katako a sama.

Dabarar ita ce a bar igiyar ruwa ta wuce ta tsakanin siraran ƙafafu maimakon ta bugi bango. Amma ƙarfen zubi yana da halinsa. Yana ɗaukar nauyi daga sama sosai, sai dai ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. Shi ya sa jirgin ruwa ko wani babban gungume da guguwa ta turo ya fi ruwan kansa haɗari. Sannan akwai ciwon da ido ba ya gani: idan ya daɗe cikin ruwan gishiri, ƙarfen yana narkewa a hankali ya bar baƙin gawayin da ke cikinsa. Siffar ginshiƙin tana nan yadda take, amma wuƙa za ta iya yankar fatarsa. Masu dubawa da guduma suke ganewa, lafiyayye yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa ƙararsa a toshe take. Galibi sandunan gicciyen nan ne ke fara mutuwa, domin sirara ne kuma suna daidai inda ruwa ke jiƙa su ya janye sau biyu a rana. A Blackpool bambancin cikar teku da janyewarsa yakan haura mita takwas a lokacin babbar cika, don haka yankin da ke jiƙewa yana bushewa yana da tsawo ƙwarai. Aikin gyara kuma sai an jira ruwa ya janye, awoyi kaɗan ne a rana.

Baba Audu: Ka bar wuta, ɗana. Ita ce ta cinye zaurukan da ke kan gadojin, ba tsatsa ba. Indian Pavilion da ke ƙarshen North Pier ta ƙone a 1921. Wanda aka gina a madadinta ya ƙone a 1938. Gidan wasan da ke wurin yanzu na 1939 ne. South Pier ta sha gobara a 1958 da kuma 1964. Dalilin a fili yake. Daɓen katako ne da aka bar 'yar tazara tsakanin falanki da falanki don ruwa ya zube. Guntun taba yana faɗawa cikin tazarar, ya tarar da takardu da ƙura da suka taru a kan ƙarafan ƙasa, iska kuma tana hura shi daga ƙasa ba tsayawa. Zauren kansa katako ne mai fenti kan fenti, ga labule, ga kujeru masu cushe. Motar kashe gobara ba ta iya hawa, nauyinta ya fi ƙarfin daɓen, sai dai a ja tiyo da hannu ɗaruruwan mita. In kuma aka yi rashin sa'a teku ya janye a lokacin, ga ruwa ana hangowa amma famfo ba ya kai gare shi.

Malam Garba: Duk na yarda, Baba. Amma ai bayan kowace gobarar nan an sake gini. Ke nan akwai kuɗi a lokacin. Tambayata ita ce me ya sa kuɗin ya daina isa.

Malama Zainab: Malam Garba, amsar tana tashar jirgin ƙasa. Wuraren nan an auna su ne da wani irin baƙo da ya daina zuwa. A da, kowane garin masaƙa a Lancashire yana da makonsa na hutu. Masana'antu su rufe gaba ɗaya don a gyara injuna, gari guda ya hau jirgi ya zo, mako na gaba wani garin ya karɓa. Mutanen Glasgow su ma suna da nasu lokacin a watan Yuli. Ma'aikata sukan yi ta ajiyar kuɗi mako-mako duk shekara don wannan makon, domin sai a 1938 aka yi dokar da ta fara shimfiɗa hutu mai albashi. A lokacin tashar Central tana da dandamali 14, kuma in ka fito daga ita hasumiya na gabanka.

Ga abin da mutane ke mantawa: masu gidajen saukar baƙi ba sa son baƙo ya wuni a ɗaki. Bayan karin kumallo kowa ya fita, sai lokacin abinci. Garin kuwa ruwan sama da iska ba sa yi masa wuya ko a tsakiyar bazara. To dubban mutane ne a waje, da kuɗin shekara a aljihu, suna neman rufi. Shi ya sa aka yi gine-ginen da tikiti ɗaya zai ba ka wuni guda. A 1894 shiga ginin hasumiya peni shida ne, wani peni shida don hawa sama, wani kuma don kallon wasan bajinta. A ciki akwai gidan kifaye a ƙasa, gidan namun daji, lambu a kan rufi, da zauren rawa. Winter Gardens, wadda aka buɗe a 1878, haka take. Palace ma haka: gidan wasan kwaikwayo, silima da zauren rawa a gini ɗaya.

An rufe tashar Central a Nuwamba 1964. Babbar hanyar mota ta M55 ta iso a 1975. Mai mota yana zuwa da safe ya koma da dare. Ba ya buƙatar wasan dare shida daban-daban, ɗaya ma da ƙyar. Yawan mutanen da ke taka garin bai faɗi nan take ba, yawan kwanakin da suke yi ne ya faɗi.

Sadiya: Anti Zainab, ai na ji ana cewa rahoton Beeching, wanda ya ba da shawarar rufe layukan dogo da tashoshi da yawa, shi ne ya rufe Central.

Malama Zainab: Ba haka ba ne, 'yata. Tashar North aka ba da shawarar rufewa. Majalisar garin ce ta fi son filin Central saboda darajarsa a tsakiyar gari. Wani ɓangaren filin aka gina gidan wasannin inji na Coral Island a kai a ƙarshen shekarun 1970, babban ɓangare kuma ya daɗe yana wurin ajiye motoci. A ganina wannan na cikin manyan kurakuran da aka yi wa garin.

Alhaji Nasiru: Bari in shigo da zauren rawa na hasumiya, don shi ne misalin abin da ya tsira saboda an biya kuɗin ƙwararru. Mai zanen gine-gine Frank Matcham ne ya ƙawata shi a ƙarshen ƙarni na 19. Daɓen ƙafa 120 ne a ƙafa 102, an haɗa shi da guntayen katako 30,602 na itatuwa iri uku, ciki har da maɗacin turawa da oak. Ba a kan siminti aka manna shi ba. Akwai sarari da abin da ke ba shi damar ɗan lotsawa a ƙarƙashi, shi ya sa mutum zai yi awoyi a kai gwiwarsa ba ta yi tsami ba. Abokan gaban irin wannan daɓe uku ne: yashin da ke biyo takalmi daga bakin teku, wanda ke goge fuskar katakon, ruwan da ya zube ya shiga mahaɗa ya kumbura guntayen, da santsin da ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Ya yi yawa mutane su faɗi, ya yi kaɗan takalmi ya cije idon sawu ya gurɗe.

A Disamba 1956 gobara ta cinye daɓen da ɓangare mai yawa na adon. An ɗauki kusan shekara biyu ana gyara, an kashe kimanin fam dubu ɗari biyar, aka sake buɗewa a 1958. Har tsofaffin masu aikin filasta da zinariya da suka yi ritaya aka kira. Ku lura da shekarar. Da gobarar ta jinkirta zuwa 1976, ban ga kamfanin da zai zuba wannan kuɗi ba. Shekara uku kacal bayan sake buɗe shi aka rushe Palace da ke maƙwabtaka da shi, aka gina kantin Lewis's a wurin, shi ma kantin ya rufe a 1993.

Hajiya Rabi: Alhaji, ka tsallake ogan ɗin, babban kayan kiɗan zauren, alhali shi ne abin da tsofaffi suka fi ambata.

Alhaji Nasiru: Na bar wa Malam Iliya, shi ne ya san cikinsa.

Malam Iliya: To, Alhaji. Abin da mutane ke gani yana tasowa daga ƙarƙashin dandamali, fari mai jerin maɓallai hawa uku, ba shi ne ke fitar da sauti ba. Wannan teburin sarrafawa ne kawai, yana kan lif. Ainihin kayan yana ɓoye cikin ɗakuna a sama da dandamali: jerin bututai na ƙarfe da na katako, da ganguna, kuge da ƙararrawa na gaske waɗanda 'yan sanduna ke bugawa. Kamfanin Wurlitzer na Amurka ne ya ƙera shi. An sa na farko a 1929, aka maye gurbinsa da na yanzu a 1935 bisa tsarin da Reginald Dixon ya nema, shi ne makaɗin zauren daga 1930 zuwa 1970. Jerin bututansa 14 ne yanzu.

Yadda yake aiki: babban fanka mai injin lantarki yana tura iska cikin akwatunan da bututan ke zaune a kai. Idan aka danna maɓalli, lantarki ya ja wani ƙaramin maganaɗisu, shi kuma ya saki iska daga wata 'yar jakar fata, jakar ta lotse ta buɗe bawul ɗin bututun. Ƙarfin sauti ba daga bututun ake rage shi ba. Akwai faifan katako masu kauri a bakin ɗakin da ke buɗewa suna rufewa idan makaɗi ya taka feda.

Inda matsala take: 'yan jakunkunan fatar nan dubbai ne, kuma fata tana bushewa ta tsage. Ƙwayar ƙura ɗaya ta maƙale a bawul, bututun ya yi ta kuka shi kaɗai ba wanda ya taɓa shi, sai an shiga an toshe shi ko an cire shi. Damshin teku yana sa mahaɗan waya su yi tsatsa, wani maɓallin ya yi shiru. Zafi kuma yana sauya murya: in ɗakin ya ɗumama, bututan da ake hurawa kamar sarewa muryarsu tana hawa, masu harshen tagulla kuwa ba sa hawa daidai da su, sai su rabu. Don haka ba a daidaita shi a ɗaki mai sanyi, sai an kai zafin ɗakin inda zai kasance lokacin kiɗa. Silimomi da yawa a Ingila sun sayar da nasu ko sun bar su sun ruɓe saboda wannan ɗawainiyar. Na Opera House da ke Winter Gardens, na 1939, shi ne sabo na ƙarshe da kamfanin ya aiko Birtaniya, kuma yana nan.

Sadiya: Ikon Allah. Wasan bajintar da ke ƙarƙashin hasumiya fa? Da gaske filin yana cika da ruwa?

Baba Audu: Da gaske ne. Filin yana tsakanin ƙafafun hasumiyar guda huɗu. A ƙarshen wasa ana naɗe shimfiɗar, daɓen ya sauka ƙasa da ƙarfin matsin ruwa, galan 42,000 su rufe shi cikin ƙasa da minti ɗaya, zurfin ya kai ƙafa huɗu da rabi. A Birtaniya sai Hippodrome na Great Yarmouth kaɗai ke da irinsa. Charlie Cairoli, ɗan barkwancin nan mai jan hanci, ya yi shekara 40 a wurin daga 1939. An daina sa dabbobi a 1990. Gidan namun dajin da ke saman ginin an rufe shi tun 1973, bayan buɗe gidan zu na gari a 1972, kuma gara da aka yi haka, don keji a cikin bene ba wurin zaki ba ne. Gidan kifayen ya kai har 2010.

Malam Garba: Mu dawo kan silimomi. Nan kam ba gishiri ba ne, Injiniya. Talbijin ce.

Malam Iliya: Nan ka yi gaskiya, Malam. A 1946 an sayar da tikitin silima kimanin biliyan 1.6 a Birtaniya. A 1984 miliyan 54 aka sayar. Odeon da ke titin Dickson an buɗe shi a 1939 da kujeru sama da 3,000. Ka yi tunanin ɗumama wannan ɗaki a watan Fabrairu don mutum arba'in.

Kuma aikin yana cin ma'aikata. Fim mai faɗin milimita 35 yana gudu hoto 24 a daƙiƙa, ƙafa 90 a minti. Naɗi ɗaya ƙafa 2,000 ne, kimanin minti 20, don haka injin haskawa biyu ake ajiyewa gefe da gefe. Dab da ƙarshen naɗi wani ɗigo yana bayyana a kusurwar sama ta dama, mai aiki ya tayar da injin na biyu. Bayan kamar daƙiƙa bakwai ɗigo na biyu ya fito, ya sauya haske da sauti a lokaci guda. Ya makara, farin allo ya bayyana. Ya yi gaggawa, ya yanke magana a baki. Hasken kansa daga sandunan kabon biyu yake, lantarki na tsallakawa tsakaninsu. Suna cinyewa a hankali, in tazarar ta kauce hoto ya koma shuɗi ko ruwan ƙasa, in ta yi yawa ya mutu. In fim ya tsinke, a kankare gefe, a shafa gam a haɗa, kuma kowane hoto ramuka huɗu gare shi a gefe; ka kuskure ɗaya, kan ɗan wasa ya koma ƙasan allo ƙafafunsa a sama.

Kafin farkon shekarun 1950 fim ɗin kansa na naitiret ne, wanda in ya kama wuta ko cikin ruwa ci yake yi, saboda yana samar wa kansa iskar da yake buƙata. Shi ya sa tun dokar 1909 ɗakin haskawa yake ware da bango mai jure wuta. Tagoginsa suna da murfin ƙarfe da ke faɗowa su rufe, kuma naɗin yana cikin akwatin ƙarfe. Da aka samu fitilar zenon da babban faifan da ke ɗaukar fim gaba ɗaya, mutum ɗaya ya iya kula da ɗakuna uku. Odeon ɗin an raba shi uku a 1975. Yadda aka saba yi shi ne a ja bango a ƙarƙashin benen 'yan kallo a fitar da ƙananan ɗakuna biyu, benen kuma ya ci gaba da kallon tsohon allo. Sautin wani ɗaki yakan ratso wani. Ya rufe a matsayin silima a 1998.

Hajiya Rabi: Abin da ya riƙe wasu gine-ginen kuwa bingo ne, bayan dokar 1960 ta halatta shi a matsayin kasuwanci. Caca ce, ba na yabonta, kuma ta ci kuɗin tsofaffi da yawa. Amma gaskiyar gini ita ce mai bingo yana kunna ɗumama ɗaki yana kuma toshe yoyon rufi. Grand Theatre, wanda Matcham ya zana a 1894, an so a rushe shi a farkon shekarun 1970 a yi kanti. An riga an sa shi cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, mutanen gari suka kafa ƙungiya suka ƙalubalanci shirin. Ya yi 'yan shekaru yana gidan bingo, suka tara kuɗi suka saye shi a 1980, ya koma gidan wasa a 1981. Palace ba ta samu ko ɗaya daga cikin ukun nan ba: ba kariyar doka, ba ƙungiya, ba wanda ya riƙe ta na wucin gadi.

Injiniya Bala: Batun rufin nan shi ne komai, Hajiya. Adon silin na irin waɗannan zauruka filasta ce da aka ƙarfafa da algarara, an rataye ta jikin katako da ɗaurin algarara da aka tsoma cikin filasta. Ruwa ya ɗiga na damina biyu, ɗaurin ya ruɓe, silin ya fara saki. Magudanar rufi ɗaya da tsuntsayen teku suka toshe da sheƙa ta isa. Daga nan naman gwari mai cin katako ya shiga, kuma yana son daidai irin yanayin rufaffen gini: damshi da rashin iska.

Sadiya: Wuraren ninƙayan fa? Su ai ruwa ne aikinsu.

Malama Zainab: Su suka fi shan wuya. Na South Shore, na 1923, a fili yake ba rufi, yana cin fiye da galan miliyan ɗaya da rabi na ruwan teku, ba a ɗumama shi. Watanni uku ko huɗu yake aiki, sauran shekara yana zaune sanyi na fasa kankarensa. Derby Baths na 1939 a rufe yake, tsawon kwamin ƙafa 165, faɗi 55, ga kujerun 'yan kallo don gasa. Shi ma ruwan teku ake jawowa, a bar yashi ya kwanta, a tace, a ɗumama. Ruwan gishiri mai ɗumi kuwa ya fi mai sanyi cin ƙarfe. Yana cin bututu da famfo da tukunyar ɗumama ruwa, tururinsa yana hawa ya ci ƙarafan rufi. Mafi muni, gishirin yana ratsa kankare ya kai ga rodin da ke ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankaren daga ciki, tayil ya riƙa ɓallewa. Da farashin mai ya tashi a 1973, kuɗin ɗumama wannan ruwa ya zama wani abu dabam. Majalisa ta zaɓi rufaffen wurin wasan ruwa na Sandcastle, wanda aka buɗe a 1986 a kan filin tsohon na South Shore. Har yau ina ganin an yi gaggawar rushe Derby, domin garin ya rasa wurin gasa mai wannan tsawo.

Malam Garba: To filin wasanni na Pleasure Beach fa, mai jiragen nan da ke gudu suna hawa da gangara? Katako ne, a bakin teku yake, kuma yana nan. Wannan ai ya karya hujjar gishiri.

Injiniya Bala: Ƙarfafa ta ya yi. Cikin jiragen, Big Dipper na 1923 ne, Grand National na 1935, amma kaɗan ne daga katakon da ke jikinsu yau ya kai wannan shekaru. Kowane hunturu ana cire wani sashe a sa sabo. Layin dogonsu falankai ne da aka jera hawa-hawa aka ɗaure, aka shimfiɗa siririn ƙarfe a sama. Kowane tarago yana da ƙafafu iri uku: na sama masu ɗaukar nauyi, na gefe masu hana shi kaucewa a kwana, da na ƙasa masu kama leɓen layin don kada ya tashi a kan tudu. Na ƙasan nan dabarar John Miller ce ta 1919, ita ta sa aka iya yin gangara mai tsanani. Kafin ita akan sa mai birki a cikin wasu jiragen, kamar yadda har yanzu ake yi a na Great Yarmouth. Ƙarar ƙwas-ƙwas da ake ji lokacin hawa ba sarƙar ba ce, wani harshen ƙarfe ne ke bin haƙora don kada jirgin ya komo baya in sarƙa ta tsinke. Kowace safiya kafin a buɗe, kafintoci suna taka layin da ƙafa, suna neman ƙusar da ta ɗago, notin da ya saki, da falankin da ya tsage. Yanayi ma yana sauya gudu: da sanyin safiya man ƙafafun yana da kauri jirgi ya yi nauyi, in kuma iska mai ƙarfi ta tare shi daga gaba zai iya kasa haye tudu ya tsaya a kwari, shi ya sa ake gwajin farko da nauyi a kujeru.

Bambancin Pleasure Beach shi ne iyali ɗaya ke riƙe da shi tun kafuwarsa a 1896, kuma suna mai da riba cikin wurin. Duk da haka sun yi asara. Gidan wasa na Fun House ya ƙone a 1991, jirgin Wild Mouse na 1958 an cire shi bayan kakar 2017.

Sadiya: Yaya Bala, wani abu ya daɗe yana ɗaure mini kai a Grand National. Jirgi ya tashi daga dandamalin dama, ya dawo na hagu, kuma ba a ga inda suka sauya layi ba.

Injiniya Bala: Ba su sauya ba, ƙanwata, kuma babu mahaɗar sauya layi a wurin. Ido yana ganin layi biyu gefe da gefe, amma layi ɗaya ne dogo da ya zagaya sau biyu. Tun a kwanar da ke fitowa daga tasha zuwa gindin hawa, jiragen biyu suke rabuwa su zagayo ta fuskoki daban, sai wanda ke dama ya koma hagu. Jirgi sai ya yi tafiya biyu kafin ya dawo dandamalin da ya fara barin. Wanda ke cin tseren kuwa galibi wanda ya fi nauyin fasinja ne, in dai man ƙafafunsu ya ɗumama daidai. Tashar da kike gani yanzu an sake gina ta ne bayan gobarar 2004, kuma tun daga lokacin birkin yana ƙarƙashin na'ura mai lura da inda kowane jirgi yake, a maimakon dogayen sandunan da ma'aikata ke ja da hannu a da.